Kashi 85, kashi 90, kashi 107: me alƙaluman ingancin tashoshin lantarki da zafi ke faɗa, me suke ɓoyewa?

A Kopenhagen, babban birnin Denmak, akwai wata tasha mai suna Amager Bakke da ta fara aiki a 2017. Shara take ƙonawa, ta ba birnin wutar lantarki da ruwan zafin ɗumama gidaje. Ingancin da ake ambata mata ya kai kashi 107 cikin 100. Duk wanda ya yi darasin kimiyya a sakandare zai ce da sake, domin ba a fitar da makamashin da ya fi wanda aka zuba. A Düsseldorf ta Jamus kuwa, wata tashar gas mai suna Fortuna ta kafa tarihi a 2016 da kashi 61.5, sai ga shi a takardar bayaninta ɗaya an sake rubuta kashi 85. Injiniyoyin Rasha ma ba da kashi suke lissafi ba, da giram na makamashin da aka ƙona suke yi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa da mudun da yake awo, kuma mudun da ƙasa ta zaɓa shi ke yanke hukuncin irin tashar da za a gina, da wadda za a gyara, da wadda za a rufe.

Mu fara da abin da ya sa ake haɗa lantarki da zafi a tasha ɗaya. Tashar lantarki ta gargajiya tana ƙona kwal ko gas, ta tafasa ruwa ya zama tururi mai tsananin matsi, tururin ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Bayan tururin ya gama aiki dole a sanyaya shi ya koma ruwa, kuma a nan ake babbar asara. Tashar kwal mai kyau tana mayar da kashi 40 zuwa 45 na makamashin kwal ɗin zuwa lantarki, tsofaffi ba sa wuce 33 zuwa 35. Ragowar yakan tafi kogi ko teku, ko ya tashi sama ta manyan hasumiyoyin nan masu fitar da farin tururi da mutane ke zaton hayaƙi ne. Wannan ba sakacin injiniya ba ne. Tun 1824 Bafaranshe Sadi Carnot ya nuna cewa duk injin da ke aiki da zafi sai ya zubar da wani kaso a wuri mai sanyi, komai kyan ƙirarsa.

Dabarar tashar lantarki da zafi ita ce, tunda zubarwar dole ce, a zubar inda ake buƙata. Maimakon a bar tururin ya huce har digiri 30, sai a ɗebe shi tun yana sama da digiri 100, a ɗumama ruwa da shi, a tura ruwan ta bututai zuwa gidaje da asibitoci da masana'antu. Lantarkin da ake samu yana raguwa kaɗan, tunda an janye tururin kafin ya gama tura farfela. Sai dai cinikin da riba: a manyan tashoshi, duk kilowat-awa ɗaya na lantarki da aka sadaukar yakan kawo biyar ko fiye na zafi.

Dabarar ta tsufa. Tashar Edison ta titin Pearl a New York, ta 1882, ana yawan ambatonta a matsayin ta farko. Tarayyar Sobiyet ta fara a Leningrad (St. Petersburg ta yau) a 1924, daga baya ta mai da abin ginshiƙin tsara biranenta, ta kuma yaɗa shi a Gabashin Turai da Mongoliya. Denmak ta shiga da ƙarfi ne bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da kusan duk makamashinta daga man da take sayowa ne. Ta yi dokar samar da zafi a 1979, yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar daga bututun gari suke samun ɗumi.

Mudun farko, da inda yake yaudara

Awo mafi sauƙi shi ne a tara lantarki da zafin da aka sayar, a raba da makamashin da aka ƙona. Shi ke ba da kashi 80 zuwa 90 da ake gani a tallace-tallace. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: yana ɗaukar kilowat-awa na lantarki da kilowat-awa na ruwan ɗumi a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Da lantarki za a kunna kwamfuta, a tuƙa jirgin ƙasa, a narkar da ƙarfe, a kuma ɗumama ruwan in an so. Ruwa mai digiri 90 kuwa, a ranar da waje ke digiri 10, ko da injin da babu kamarsa a duniya ba za a matse fiye da kashi 22 na zafinsa ya zama aiki ba. Idan wannan awon kaɗai za a bi, tukunyar gas da ba ta samar da lantarki ko kaɗan za ta fito da kashi 92 ta doke Fortuna, wanda shirme ne.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don a ga lissafin. Tashoshi biyu, kowace ta ƙona gas awo 100. Ta farko ta ba da lantarki 40 da zafi 45, jimilla 85. Ta biyu ta ba da lantarki 15 da zafi 75, jimilla 90. A ido, ta biyu ce gaba.

Tarayyar Turai ba ta yarda da ido ba. Tun dokarta ta 2004, wadda aka shigar cikin dokar ingancin makamashi ta 2012, tambayar da take yi daban ce: da a ce an samar da wannan lantarkin a tashar lantarki zalla, wannan zafin kuma a tukunya zalla, gas nawa za a ƙona? Ta ajiye alƙaluman kwatance, na gas wajen kashi 53 ga lantarki, 92 ga ruwan zafi. Tasha ta farko, da an raba aikinta, lantarkinta zai ci gas 75 da ɗoriya, zafinta kusan 49, jimilla 124. Ta ƙona 100, wato ta yi tsimin kusan kashi 20. Ta biyu kuwa lantarkinta zai ci 28, zafinta 82, jimilla 110, tsiminta bai kai kashi 9 ba. Dokar ta ce sai tsimi ya kai kashi 10 kafin a kira babbar tasha mai babban inganci, kuma wannan sunan shi ne ƙofar samun tallafi. Mai kashi 90 ta faɗi, mai 85 ta haye da rata.

Amurka ta bi gajeriyar hanya tun a ƙarƙashin dokarta ta 1978: a ƙirga lantarki duka, a ƙirga rabin zafi kawai, jimillar ta kai kashi 42.5 na gas ko man da aka ƙona. Lissafi ne na gaggawa, amma aƙalla ya amince cewa kayan biyu darajarsu ba ɗaya ba ce.

Awon Turai ma yana da nasa lauje cikin naɗi. Sakamakon ya rataya ne a kan abin da aka kwatanta da shi. Tashar kwal da aka gina kafin 2024 da tashar kwal ake kwatanta ta, mai kusan kashi 44, don haka tana iya cin jarrabawar tana kuma fitar da iskar kabon kusan ninkin ta gas. Kuma idan lantarkin da tashar ke maye gurbinsa daga iska ko hasken rana yake zuwa, wane gas aka yi tsimi?

Batun 107 ya fi sauƙi. Duk abin da aka ƙona, musamman jiƙaƙƙiyar shara ko ɗanyen itace, yana fitar da tururin ruwa cikin hayaƙinsa. Al'adar Turai ita ce kada a ƙirga zafin da ke cikin wannan tururin a matsayin makamashin da aka zuba, domin a da ba a iya cin moriyarsa. Tashoshin zamani suna sanyaya hayaƙin har tururin ya koma ruwa, su kwashe zafin. An samu abin da ba a sa a lissafi ba tun farko, sai sakamakon ya haura 100. Amurka ta fi amfani da ɗaya ma'aunin mai ƙirga komai, kuma a gas bambancin ma'aunan biyu ya kai kusan kashi 11. Wanda ya jera tashar Jamus da ta Amurka bai tambayi wane ma'auni aka bi ba, ya yi aikin banza.

Akwai kuma bambancin ranar gwaji da shekara. Alƙaluman da kamfani ke bugawa na ranar da tasha ke aiki da cikakken ƙarfi ne, ana tsakiyar hunturu, kowane gida na jan zafi. A watan Yuli ba mai buƙatar ɗumi sai ruwan wanka. Ko dai tashar ta rage aiki, ko ta ci gaba da samar da lantarki tana zubar da zafin kamar kowace tasha. Shi ya sa dokar Turai ke duba jimillar shekara, kuma idan ba ta kai kashi 75 ko 80 ba, gwargwadon irin injin, ba duk lantarkin tashar ake ƙirgawa a matsayin na haɗin gwiwa ba.

Wa zai biya kuɗin kwal ɗin?

Nan ne lissafi ke komawa siyasa. Mahauci ya sayi sa ɗaya, zai sayar da nama ya sayar da fata. Nawa ne kuɗin sa ɗin da ya hau kan nama, nawa kan fata? Babu amsar da kimiyya za ta bayar, shawara ce ta mai kaya. Haka tasha ɗaya mai ƙona kwal ɗaya ta fitar da haja biyu ga kwastomomi biyu daban.

Tarayyar Sobiyet tana auna komai da wani man ƙiyasi mai kilokalori 7,000 a kowane kilo. A wannan ma'aunin, kilowat-awa ɗaya daidai yake da giram 123 idan ba a yi asarar komai ba, tashoshin lantarki zalla kuwa suna cin sama da giram 300. Hanyar rabon da suka bi ita ce a ɗora wa zafi kuɗin makamashinsa cif, kamar a tukunya aka dafa shi, abin da ya rage a ɗora wa lantarki. Sakamakon ya yi kyau a rahoto: lantarkin da aka samar tare da zafi yana fitowa ƙasa da giram 200, abin nuna wa duniya. Duk ribar haɗin ta tafi ga lantarki, zafi bai samu ko anini ba. A ƙasar da gwamnati ke da tashar da masana'antar da gidajen, wannan bai dami kowa ba, daga wannan aljihu ne zuwa wancan.

Da kasuwa ta zo a shekarun 1990 sai lamarin ya juye. Masana'anta ta duba kuɗin tururin da take saya, ta ga bai fi na tukunyar kanta araha ba, ga shi kuma an ɗora mata asarar tsofaffin bututai da tallafin da ake yi wa gidaje. Sai ta gina tata tukunyar ta yanke hulɗa. Kowane kwastoman da ya fita yana tilasta wa tashar ƙara aiki a matsayin tashar lantarki zalla, aikin da ba don shi aka ƙera ta ba, kuma a cikinsa ta fi tashoshin lantarki na ainihi cin makamashi. Kuɗi ya ƙara tashi, wasu suka ƙara fita. An sauya hanyar rabon a tsakiyar shekarun 1990, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe a wurare da yawa. A 2017 Rasha ta yi dokar da ta ba garuruwa damar ɗaure farashin zafi da abin da sabuwar tukunya za ta ci, a 2019 kuma ta ƙaddamar da shirin sabunta tsofaffin tashoshi na wajen gigawat 40. Sukar da aka fi yi wa shirin ita ce yawancin ayyukan sauya tsohuwar farfelar tururi ne da sabuwa irinta. An ƙara wa tashar shekaru, ba a sauya ajinta ba.

Sabuntawa: ina kuɗin ya kamata ya tafi?

Warso, babban birnin Folan, misali ne na hanyar da aka fi sani. Bututan zafinta sun kai wajen kilomita 1,800, mafi tsawo a Tarayyar Turai, kuma manyan tashoshi biyu ke ciyar da su: Żerań ta 1954 da Siekierki ta 1961, duk an gina su don kwal. A ƙarshen 2021 aka ƙaddamar da sabon sashe mai wajen megawat 500 a Żerań. Gas ake ƙonawa a injin farfela irin na jirgin sama, hayaƙinsa mai zafi ya tafasa ruwa ya juya farfela ta biyu, abin da ya rage ya ɗumama gari. Ribar wannan tsari ba a jimillar kashi take ba, tana cikin rabon: dokar Turai kanta tana ƙiyasta cewa tsohuwar farfelar tururi tana ba da lantarki 0.45 a kan kowane awo ɗaya na zafi, wannan kuwa 0.95. Gari ɗaya, buƙatar ɗumi ɗaya, lantarki ninki biyu. Sai dai watanni kaɗan bayan an buɗe sashen, Rasha ta mamaye Yukren, farashin gas a Turai ya yi tashin gwauron zabi. Inganci ba ya kare tasha daga farashin abin da take ƙonawa.

Denmak ta sauya makamashin ne ta bar injin. Sashe na farko na tashar Avedøre, wanda aka gina a 1990 don kwal, an mai da shi mai ƙona dunƙulen garin katako a 2016. A littafin lissafi hayaƙin ya koma kusan sifili, domin ana ɗauka cewa bishiya za ta sake tsirowa ta shanye abin da aka fitar. Ina da ja a nan. Yawancin katakon daga waje ake shigo da shi, bishiyar kuma sai ta yi shekaru da dama kafin ta biya bashin. Wannan ma mudu ne, ba dokar halitta ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gyaran da ba shi da kwarjini. Tankin ruwan zafi, alal misali. Siekierki ta gina mai ɗaukar wajen mita kubik 30,000 a 2009. Kafin tanki, tashar baiwa ce ga buƙatar ɗumi: dole ta yi aiki da tsakar dare ko da lantarki ba shi da daraja a lokacin. Da tanki, tana aiki a sa'o'in da lantarki ke tsada, ta adana zafin, ta huta idan farashi ya faɗi. A ƙasa irin Denmak, inda iska ke ba da kusan rabin lantarki ko fiye, kuma farashi kan sauka ƙasa da sifili a ranar guguwa, wannan shi ne bambancin riba da faɗuwa. Birnin Kiel na Jamus ya gina sabuwar tasharsa gaba ɗaya a kan wannan tunanin. Ya rufe tashar kwal, ya jera injinan gas 20 masu ba da megawat 190 a haɗe, kowane yana tashi cikin 'yan mintuna, ga tanki, ga tukunyar lantarki mai shanye rarar wuta idan ta yi arha.

Sai bututan da kansu. Tasha mai kashi 90 da ke tura ruwa cikin bututun da rufinsa ya ruɓe, tana ɗumama ƙasar titi ne. Akwai wani alƙalami da injiniyoyin zafi ke sa wa ido fiye da kowane: zafin ruwan da ke dawowa daga gari. Idan ya dawo da sanyi, gidaje sun kwashe abin da aka aika musu, famfo bai sha wahala ba, tashar kuma za ta iya matse zafin hayaƙinta, tunda da wannan ruwan ake sanyaya hayaƙin. Idan ya dawo da zafi, duk wannan ya lalace. Gyaransa ba a harabar tasha yake ba, yana ƙarƙashin dubban benaye, a bawul da mita. A yawancin gidajen zamanin Sobiyet da faɗin ɗaki ake biyan kuɗin ɗumi, ba mita ba bawul, wanda zafi ya dama sai ya buɗe taga ana zuba ƙanƙara. Ba minista da ke yanka kintinkiri don an sa mita, shi ya sa wannan aikin ke zuwa a ƙarshen layi.

Kishiyar da ta taso wa tashoshin yanzu ita ce famfon zafi, na'ura mai aiki da dabarar firji, tana ɗebo ɗumi daga ruwan teku ko ruwan kwata ta ɗaga shi. Awo ɗaya na lantarki yana kawo wajen uku na zafi. Esbjerg ta Denmak ta kafa na ruwan teku mai megawat 70 a madadin tashar kwal ɗinta. Helsinki, babban birnin Finlan, wadda ta daɗe ana yabonta a kan haɗa lantarki da zafi, ta rufe tashar kwal ta Hanasaari a 2023, ta daina ƙona kwal a Salmisaari a 2025, ta jingina da famfunan zafi da tukwanen lantarki da katako. A takarda, ɗebe tururi daga farfela ya fi famfon zafi riba, biyar ko fiye a kan uku. Amma wannan ribar tana nan ne kawai idan dama akwai dalilin kunna farfelar.

A ƙasashenmu ba ɗumama gida ne damuwa ba, don haka bututun gari ba namu ba ne. Inda zancen ya shafe mu shi ne masana'anta. Kamfanonin sukari, irin Kenana ta Sudan, suna ƙona tukar rake su sami tururin dafa ruwan rake da lantarki tare. Kamfanin shinkafa mai turara shanshera yana buƙatar tururi, ga ɓuntu a jibge a bayansa. Masana'antar da ke kunna janaretan gas dare da rana tana zubar da fiye da rabin makamashin ta salansa da lagireto, alhali akwai na'urar sanyaya wuri mai aiki da zafi. Lissafin nan na sama, na kwatanta haɗe da rabe a tsawon shekara, shi ne zai nuna ko jarin zai biya.

A 2023 Tarayyar Turai ta ƙara sharaɗi kafin a kira tasha mai babban inganci: sabuwar tasha ko wadda aka yi wa babban gyara, idan da kwal ko gas ko mai take aiki, kada hayaƙinta ya kai giram 270 na iskar kabon a kowane kilowat-awa da ta fitar. Kwal yana fitar da wajen giram 340 a kowane kilowat-awa da aka ƙona, ko tasha ta kai kashi 85 sakamakon zai zama 400, ba ta da hanya. Gas yana fitar da wajen 202, yana hayewa muddin jimillar ta kai kashi 75. Tsofaffin tashoshi an ba su zuwa farkon 2034 idan suna da shirin ragewa. Sharaɗin ya toshe ƙofar da kwal ke bi, amma a wurin ƙirga abin da tasha ta fitar ya sake tara lantarki da zafi a kwano ɗaya, don haka tashar nan mai lantarki 15 da zafi 75 za ta fi mai 40 da 45 tsabta a takarda.